Tsohuwar laftof mai RAM gig 4: a haƙura da ita ko a gyara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Yayana ya bar mini laftof ɗinsa, Core i5 ce, ta kai shekara goma, RAM ɗinta gig 4, Windows 10 ke kanta. Ina son fara koyon rubuta manhaja, amma in na kunna ta sai na daɗe ina jira kafin ta gama tashi, in na buɗe shafi huɗu a burauza kuma sai ta daskare. Na gwada ɗora Windows 11, ta ƙi. In haƙura sai na samu sabuwa, ko akwai dabara?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Kada ka haƙura, ƙanina, wannan laftof ɗin da sauranta. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba layin Disk. In ka gan shi ya kafe a kashi 100 alhali ba ka aikin komai, to faifan ajiya ne ke riƙe ta. Irin na da ne, mai juyawa, da allurar da take kai-komo tana laluben fayil. Maganinsa ka sauya shi da SSD, sabon nau'in ma'ajiya da babu abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA, wato mai shiga mahaɗi iri ɗaya da tsohon faifan, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, mai juyawa da ƙyar yake wuce 100, kuma inda tazarar ta fi yawa shi ne ƙananan fayiloli, waɗanda su kwamfuta ke ɗebowa dubbai lokacin tashi. Na sa wa laftof da yawa SSD, masu su suka fasa sayarwa. In an buɗe ta, a hure ƙurar fanka gaba ɗaya, domin zafi yana sa ta rage gudu da kanta.

Injiniya: Maganar Mai Gyara haka take. Game da Windows 11, ba laifinka ba ne: tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Abin da ya fi damuna shi ne Windows 10 ɗin kanta. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na shekara guda ne ga masu amfani a gida. Ni dai Linux Mint zan ce ka ɗora a madadin Windows, nau'inta marar nauyi da ake kira Xfce. Ba ta cin RAM kamar Windows, fuskarta ba za ta yi maka baƙunta ba, kuma Mint 22 tana da tallafi har 2029. Ka sauke ta, ka zuba a filashi da manhajar Rufus ko Ventoy, ka tayar da laftof ɗin daga filashin. Za ka yi amfani da ita ba tare da ta taɓa komai a faifanka ba. Ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara tukuna, sannan ka yanke shawara.

Malama: Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ku tsaya. Duk kun yi gaba kun bar abu mafi muhimmanci a baya. Ƙanina, kafin a kwance ko da noti ɗaya, ka kwashe fayilolinka. Faifan da ya shekara goma yana juyawa ba ya sallama in zai tafi. Ni ya faru da ni: wata uku ina gina wa wata ƙungiya shafi, komai yana cikin folda ɗaya a kwamfuta ɗaya. Wata safiya na kunna, sai ƙara kas-kas daga ciki, shi ke nan. Hotunan iyalina na shekaru ma suna ciki, kuma su ne har yau suke min ciwo, don shafin na sake rubutawa, hotuna kuwa babu inda zan samo su. Tun daga ranar nake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da inda kake.

Sannan ranar da ka rubuta layin farko, a ranar ka fara Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi a aikinka. Kada ka ce sai ka ƙware. Umarni huɗu sun ishe ka a wata na farko: init, add, commit, push. Amfaninsa a wurina bai tsaya ga ajiya ba. Yana cire wa mai koyo tsoro. In ka san za ka iya komawa yadda aikin yake jiya, sai ka samu ƙarfin halin ɓata shi yau don ka ga abin da zai faru, kuma da haka ake koyo. Abu ɗaya dai: kada ka taɓa tura kalmar sirri ko mabuɗin API (lambar sirrin da manhajarka ke shiga wata hidima da ita) zuwa GitHub, shafin da ake ɗora ayyukan Git a intanet. Ko ka goge daga baya, yana nan a tarihin aikin.

Injiniya: Na karɓi gyara, Malama. Kwashe fayiloli ne farko.

Ɗaliba: Ni tambayata ga Yaya Sabon Shiga ita ce, me kake son ginawa? Domin amsar ita za ta zaɓa maka yaren rubuta manhaja. Ni da HTML da CSS na fara, sai JavaScript, waɗanda da su ake gina shafin intanet, kuma dalilina shi ne ina ganin sakamako nan take: in rubuta, in adana, in sabunta burauza, ga shi a allo. Ba a girka komai. Shafin koyo na freeCodeCamp kyauta ne, shafin bayanai na MDN na Mozilla kuma shi nake buɗewa duk lokacin da na manta yadda abu yake aiki. Shafina na farko a GitHub Pages na ɗora shi, shi ma kyauta, na tura wa 'yan gidanmu suka buɗe a wayoyinsu. Daɗin da na ji ranar shi ya hana ni dainawa.

Malamin Lissafi: 'Yata, hanyarki mai kyau ce, amma ni na fi karkata ga Python ga wanda bai taɓa rubuta komai ba. HTML tsara shafi yake koya maka, ba tunanin warware matsala ba, kuma JavaScript yana da halaye masu rikita sabon hannu: ka haɗa "2" da 2 ya ba ka "22" bai ce uffan ba. Python kuwa tsayawa zai yi ya gaya maka ka haɗa rubutu da lamba. Wannan tsawar alheri ce ga mai koyo. Ka yi hattara da tsofaffin darussa kawai: in ka ga print babu baka biyu, Python 2 ne, an daina tallafa masa tun farkon 2020, ka wuce.

Batun inda za ka riƙa rubutu, kowa VS Code zai ce maka, kuma yana da kyau. Sai dai a kan Electron aka gina shi, wato kusan burauza ce guda a ɓoye, ga kuma burauzarka a buɗe. A gig 4 za ka ji nauyin. Ka fara da Thonny, manhajar rubuta Python ta masu koyo. Yana nuna maka yadda kowane layi ke gudana ɗaya bayan ɗaya, da yadda ƙimar kowane abu ke canzawa. Ɗalibaina da suka kasa gane madauki, wato maimaita umarni, a kan allo, a nan suka gane shi.

Ɗaliba: Baba Malam, ban musa ba. Amma wanda ya ga aikinsa a wayar wani ya fi saurin dawowa gobe.

Malamin Lissafi: Wannan ma gaskiya ce. To ya zaɓi ɗaya, ya yi wata uku a kansa bai leƙa ɗayan ba.

Malama: Ƙari ɗaya, tun da kowa yanzu yana da manhajar AI a hannu. Ka tambaye ta ma'anar saƙon kuskure, ka ce ta yi maka bayanin layin da ya shige maka duhu. Amma kada ka manna abin da ba za ka iya bayyana wa wani da bakinka ba. Takan kawo amsa da cikakken tabbaci alhali kuskure ce, kuma wanda bai iya karantawa ba ba zai gane ba.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Disk yana kan 100 kamar yadda Mai Gyara ya faɗa. Daren jiya na kwashe komai zuwa filashi, hotuna kuma na ɗora su a intanet. Na tayar da Mint daga wani filashin, Wi-Fi da sauti duk suna aiki. Shafi nake son ginawa, don haka zan bi hanyar Ɗaliba, Baba Malam a yi mini afuwa. Saura SSD: wane iri zan nema? Kuma RAM ɗin ana iya ƙarawa?

Mai Gyara: SATA mai inci 2.5, gig 256 ya ishe ka. RAM kuma kada ka saya da ka. Tun da Windows tana nan, ka sa manhajar CPU-Z ka duba irin RAM ɗin, ko DDR3L ce ko DDR4, don ba sa shiga ramin juna, ka kuma ga ko akwai rami na biyu a buɗe. Wasu laftof ɗin an manne RAM ɗin a jikin allon, ba ya cirewa. Turo mini lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta in duba maka.