Ɗan takara na uku a zaɓen Amurka: laifinsa ne ko laifin ƙirga ne?

Malam Isuhu: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce. Duk wanda ya fito takarar shugabancin Amurka ba a Democrat ba kuma ba a Republican ba, ya san ba ci zai yi ba. Abin da kawai yake iyawa shi ne ya yagi ƙuri'ar wanda suka fi kusa a ra'ayi, ya miƙa wa ɗayan kujera. Tun da Millard Fillmore na jam'iyyar Whig ya sauka a 1853, jam'iyyun nan biyu ke karɓa-karɓa. A 2000 George Bush na Republican ya ci Florida da tazarar ƙuri'a 537, alhali Ralph Nader na jam'iyyar Green ya kwashi sama da 97,000 a jihar. Mai son kare muhalli ya kayar da Al Gore na Democrat, ya ɗora mutumin 'yan mai. Me za a kira wannan?

Nura: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, 537 ɗin nan kowa ya haddace ta, amma ba a faɗin sauran. Kowane ƙaramin ɗan takara da ke kan takardar Florida ya samu fiye da 537, har da na Socialist Workers da ya tashi da 562. Don me Nader kaɗai ake kama wa wuya? A gundumar Palm Beach an tsara takardar zaɓe a karkace, Pat Buchanan na jam'iyyar Reform ya samu 3,407 a wurin da shi da kansa ya ce yawanci ba nasa ba ne. Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙirga ran 12 ga Disamba. Kuma Gore ya faɗi a jiharsa ta Tennessee. Da ya ci gidansu, da ba wanda ya tsaya jiran Florida.

Malam Isuhu: Nura, kasancewar akwai wasu dalilai ba ta wanke wannan. To bar Florida. New Hampshire fa? Tazarar Bush 7,211, Nader yana da sama da 22,000. Wakilai huɗun jihar sun ishi Gore ya haye 270 ɗin da ake buƙata cikin wakilan da ke zaɓen shugaba.

Hajiya Rabi: Malam, inda nake samun matsala da lissafinka shi ne ka ɗauka ƙuri'ar Nader dukiyar Gore ce da aka sace. Wa ya ba shi? Wasu da babu Nader da gida za su zauna. Haka 'yan Republican suka daɗe suna cewa Ross Perot, ɗan indifenda, ne ya kayar da Bush babba a 1992, amma tambayar da aka yi wa masu zaɓe suna fitowa daga rumfa ta nuna mutanen Perot sun rabu kusan daidai tsakanin Bush da Clinton.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a Perot daban ne. Mutumin nan ya samu ƙuri'a miliyan 19.7, kusan kashi 19 cikin 100 na ƙasa baki ɗaya, bai samu wakili ko ɗaya ba cikin wakilai 538 da ke zaɓen shugaba. Dalili kuwa, ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Na biyu da na uku hannu rabbana. Ku dubi 1948, wadda a wurina ta fi kowace shekara bayyana lamarin. Strom Thurmond da Henry Wallace duk sun fito daga gefe, kowannensu ya samu kusan kashi 2.4. Thurmond ya tashi da wakilai 39 saboda ƙuri'unsa a dunƙule suke a jihohin kudu. Wallace bai samu ko ɗaya ba, nasa a warwatse suke. Na ƙarshe da ya ci jihohi daga waje shi ne George Wallace a 1968, jihohi biyar, wakilai 46, shi ma a kudu, shi ma kan kare wariyar launin fata. Wato tsarin yana saka wa ɗan ɓangaranci, yana hukunta wanda ya yi wa ƙasa duka magana.

Kawu Bala: Hajiya, kin zo taimakon Nura amma Malam kika ƙarfafa. In dai tsarin haka yake, kuma ɗan takara ya sani, fitowarsa ganganci ce. Theodore Roosevelt tsohon shugaban ƙasa ne, farin jini kamar me. A 1912 ya fusata ya bar Republican ya kafa Progressive. Ya samu kashi 27, Taft shugaba mai ci ya samu 23, Woodrow Wilson na Democrat ya wuce da 42 da wakilai 435. Haɗa na Roosevelt da na Taft ku gani, sun haura rabi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. In Roosevelt bai iya ba, wa zai iya?

Zainab: Kawu, ku yi haƙuri in sa baki. Ana ta magana kamar tsarin nan daga sama ya sauko. Su wa ke rubuta dokar shiga takardar zaɓe? Majalisun jihohi, waɗanda jam'iyyun biyu suka cika. Jiha 50, kowace da adadin sa hannun da take nema da ranar rufewa, ga lauyoyin manyan jam'iyyu suna jira su ƙalubalanci sa hannun a kotu. Hukumar da ta daɗe tana shirya muhawarar 'yan takara, shugabannin jam'iyyun biyu ne suka kafa ta a 1987. An bar Perot ya hau dandamali a 1992, aka ga abin da ya yi, a 1996 aka hana shi. Daga 2000 aka kafa sharaɗin sai ka kai kashi 15 a jin ra'ayin jama'a. Ta yaya za ka kai 15 ba a gan ka ba? Tallafin gwamnatin tarayya ma sai ka samu kashi 5 a zaɓe, shi Nader ke nema a 2000, ya tsaya ƙasa da 3.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne Zainab, amma ko an cire duk waɗannan, bangon yana nan. Masanin siyasar nan na Faransa, Maurice Duverger, tun shekarun 1950 ya bayyana shi: inda zagaye ɗaya ake yi kuma mai rinjaye ko da ƙuri'a ɗaya ya kwashe komai, mutane da kansu suke gudun wanda ba ya cikin biyun farko. Ba sai an hana su ba, tsoron wanda suka fi ƙi ke kora su. A Ingila da Kanada ƙaramar jam'iyya na iya cin mazaɓunta ta zauna a majalisa, wani lokaci har a nemi ta don kafa gwamnati. Kujerar shugaba kuwa ɗaya ce, ba a raba ta. Faransa na yin zagaye biyu, shi ya sa a 2017 Macron ya fito da sabuwar tafiya, ya samu kashi 24 a zagayen farko, manyan jam'iyyun biyu duk ba su kai zagaye na biyu ba.

Nura: Amma ita Republican ɗin ai sabuwa ce wata rana. An kafa ta 1854, a 1860 Lincoln ya ci da ƙasa da kashi 40.

Kawu Bala: Ɗana, ba ta uku ta zama ba, gurbin mamaci ta shiga. Rikicin bauta ya riga ya tarwatsa Whig, ita ma Democrat ta rabe biyu a 1860. Ka lura da masu wayon zamanin nan. Trump ya taɓa leƙa jam'iyyar Reform a 2000, ya janye. A 2016 sai ya shiga zaɓen fid da gwani na Republican ya ƙwace jam'iyyar daga hannun masu ita. Bernie Sanders ɗan indifenda ne a Majalisar Dattawa, amma sau biyu a cikin Democrat ya nemi tikiti. Ƙofar a buɗe take, ta ciki ce.

Zainab: Sanders ɗin ai bai samu ba, Kawu. Kuma ba kowace takara ce don cin kujera ba. Jam'iyyar Populist ta manoma ta samu wakilai 22 a 1892, a 1896 Democrat ta rungumi buƙatunta don tsoron rasa mutane. Harajin kuɗin shiga da zaɓen sanatoci kai tsaye, da Populist ke kira, duk sun shiga tsarin mulki a 1913. Sannan ku sa kanku a matsayin Balaraben Dearborn a Michigan a 2024, yana kallon abin da ke faruwa a Gaza da makaman Amurka. Kusan kashi 18 na garin suka zaɓi Jill Stein ta jam'iyyar Green. Za ku ce masa dole ya dangwala wa wanda zuciyarsa ta ƙi?

Malam Isuhu: Ba zan ce dole ba, 'yata. Zan dai tambaye shi wa ya ci Dearborn. Trump ne. A 2016 ma tazarar Michigan 10,704 ce, Stein na da sama da 51,000.

Nura: A 2024 kuwa tazarar Trump a Michigan ta kai wajen 80,000, ƙuri'un Stein ba su kai 50,000 ba. Ko an juye wa Kamala Harris ta Democrat su duka ba ta ci ba. Malam, ai akwai magani. Maine tun 2020 take barin mai zaɓe ya jera 'yan takarar shugaban ƙasa, na ɗaya, na biyu, na uku. In naka ya zo ƙarshe, ƙuri'arka ta koma kan zaɓinka na gaba. Alaska ma ta bi.

Malam Isuhu: Jiha biyu cikin 50. Kuma dukansu ta ƙuri'ar raba gardama tsarin ya fara shigowa, ba 'yan majalisa ne suka fara bayarwa ba. A Alaska da ƙyar tsarin ya tsira a 2024 da aka nemi soke shi, Florida kuwa ta haramta shi da doka tun 2022. Ran da Pennsylvania da Michigan da Georgia suka karɓa, ka zo mu sake zama. Kafin nan, mutumin da ke Wisconsin da takarda a hannu da dokar yau zai dangwala.

Hajiya Rabi: Shi na Wisconsin na yarda, Malam. Na California ko Wyoming fa, inda an san mai ci tun kafin a buga takarda? Wa ya cuta in ya ba ƙaramar jam'iyya don ta kai kashi 5 ɗin nan?

Malam Isuhu: Wannan ban ja ba, Hajiya. Amma ku gaya wa 'yan takarar, don a makon ƙarshe na 2000 har Florida Nader ya je yaƙin neman zaɓe.