Neman kalma: me za a rubuta a maɓallin "feedback" na manhajar waƙa?

Mai Manhaja: Assalamu alaikum jama'a. Ɗauki nake nema kafin daren Juma'a. Ni kaɗai nake haɗa wata 'yar manhajar sauraron waƙa ta Android, mai kunna abin da mutum ya riga ya ajiye a wayarsa ba sai da data ba. Masu gwaji sun cika kwana 14 ɗin da Google Play ke nema a wurin sabon asusu, saura in sake ta. Na mayar da komai Hausa, kalma biyu suka tsaya mini a maƙogwaro: "feedback" da "update". Ta farko maɓalli ce da mutum zai taɓa ya rubuto mini abin da ya gani, yabo ko kuka, kuma wurin ba ya cin fiye da harafi 16. Ta biyu sanarwar fitowar sabon zubi ce.

Anti Malama: Wa'alaikumus salam. Ta biyu ba abin wahala ba ce, ƙanena. "Sabunta manhaja", harafi 15 har da tazara. Ta farko kuwa "Faɗi ra'ayinku". Ka bar shi a jam'i. In ka sa ra'ayinka ka kori mata, in ka sa ka/ki ka ɓata wuri.

Tsohon Ɗan Rediyo: Malama, ina da ja. Ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa. Wanda ya ce launin manhajar bai yi masa ba, ra'ayi ya bayar. Amma wanda ya ce waƙa tana yankewa da zarar fuskar waya ta mutu, wannan rahoto ya kawo, kuma shi yaron nan ya fi buƙata. Kada dai wani ya ce "martani". Martani sai an tsokane ka kake mayarwa.

Mai Manhaja: Baba kamar ka leƙa akwatina. Saƙonnin masu gwaji kusan duk haka suke: waƙa ta tsaya, ƙ da ɗ sun koma akwatuna a sunan waƙa, jerin da na shirya ya ɓace. Mutum ɗaya ne ya ce masha Allah.

Mai Situdiyo: Kun yi nisa, kalmar tana gabanku. AMSHI. Manhajar waƙa ce fa! Mawaƙi ya jefa baiti, amshi ya dawo masa, da shi yake sanin waƙa ta zauna ko ba ta zauna ba. Kai ka saki manhaja, jama'a su yi maka amshi. Harafi biyar. Kuma ku sani a wurinmu fidbak wani abu ne dabam, ƙarar nan mai huda kunne in makirfo ya fuskanci lasifika. In ka bar ta da Turanci masu sana'a za su ɗauka maɓallin gyaran sauti ne.

Anti Malama: Tana da daɗin ji, amma ma'anar ta kife. Ɗan amshi abin da aka ba shi yake maimaitawa. Me Bahaushe yake nufi in ya ce wa majalisa 'yan amshin Shata?

Mai Situdiyo: Wannan sharrin 'yan siyasa ne, Anti. Wanda bai taɓa tsayawa bayan mawaƙi ba shi ke raina amshi. Lokacin amshin ne mawaƙi ke jan numfashi yana ƙulla baiti na gaba. Amshi ya karkace, waƙa ta zube. Aiki ne babba.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ba wanda ya ce ba aiki ba ne. Ka taɓa jin ɗan amshi ya tsaya tsakiyar fage ya ce "maigida, baitin nan bai yi ba"?

Mai Situdiyo: Ita manhaja da kuke ta faɗa, ba tsarin karatun makaranta ba ce da can? Aka ɗora mata sabon kaya ta ɗauka, yau ba mai ko tari. Sai amshi ne ba zai iya ba?

Mazan Jiya: Ai nan ne gizo ke saƙa. Ra'ayi Larabci, sharhi Larabci, manhaja Larabci. Mun gudu daga aron Bature mun faɗa aron Balarabe muna cewa mun fassara. Ina tsokaci? Ina ƙorafi? Harshe mai miliyoyin masu magana, wanda aka fara buga wa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tun 1939, a ce ba shi da kalmarsa ta kansa?

Anti Malama: Ranka ya daɗe, in za mu bi wannan hanya sai mu mayar da littafi da alƙalami da lokaci da duniya inda muka aro su. Har "amma" sai ta tafi. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irinsu, ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Tsokaci kuma ɗan gajeren bayani ne a kan magana, ƙorafi rabin aikin kawai ya ɗauka, ya bar yabo da shawara a waje.

Ɗan Zamani: Ku yi haƙuri iyayena, amma a kasuwar waya ba mai cewa sabuntawa. "Ka yi afdet?" shi kenan. Abokaina ma in waya ta zo musu da Hausa sai su juya ta Turanci, kada a ce ba su yi boko ba. Wa za a yi wa wahalar?

Mazan Jiya: Ka ji cutar da nake faɗa. Balarabe da Basine ba sa jin kunyar wayarsu, sai mu.

Ɗan Damagaram: Afdet ɗin naku a nan ba kowa ya san shi ba, mizajur muke ji a bakin masu gyaran waya. Shi ya sa ni ina bayan sabuntawa, ita ce ta ƙetare iyaka. Amma ina da nawa kukan: kullum a Kano ake yanke hukunci mu kuma a turo mana. Mu ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y. In na nemi waƙa da "ƴan", manhajar za ta gano wadda aka rubuta da "'yan"?

Mai Situdiyo: A dawo kan amshi don Allah.

Tsohon Ɗan Rediyo: An wuce wurin. Ɗana, ka daina neman suna ɗaya da zai haɗiye kalmar Turancin. Bahaushe da aikatau yake kiran mutum. A gidan rediyo ba mu taɓa fassara ta ba, cewa muke "ku rubuto mana", wasiƙu su cika tebur. Sa "Turo mana saƙo", a ciki ka raba: matsala, shawara, yabo. Sabuntawa kuma ka bambanta ta da gyara. In tangarɗa kawai ka kawar, ka ce gyara. Kada ka ce kwaskwarima, za a ɗauka fenti ka sake.

Ɗan Zamani: "Mana"? Ku su wa? Ba ya ce shi kaɗai ne ba 😂

Mai Manhaja: Ni da janareta. Na gode ƙwarai. "Sabunta manhaja" ta shiga. Maɓalli zai zama "Turo mana saƙo" da rabon da Baba ya faɗa. Bayanin sabon zubi harafi 500 kawai Play ke bari, don haka zan rubuta "An gyara" da "An ƙara", in jera a ƙasa. Yaya Mai Situdiyo, in ka yarda zan sa wa rukunin masu gwajina suna 'Yan Amshi.

Mai Situdiyo: Ba na son ta'aziyya. Saƙo ai ko na neman bashi saƙo ne. Ka sa abinka, amma in zubi na biyu ya zo za mu sake zama.

Anti Malama: Ni ma ban gamsu ba, har yanzu ba mu da suna. Ranar da za a fassara jimla mai ɗauke da kalmar a tsakiya, nan za mu dawo. Don Juma'a dai ya wadatar.

Ɗan Damagaram: Ni fa ba a amsa mini maganar ƴ ba.

Mai Manhaja: Yanzu na gwada. Ba ta ganowa. Turo mana saƙo, zaɓi "matsala".