Za a iya farfaɗo da ginin ƙasa alhali giginya tana ƙarewa?

Ɗalibin Zane, daga Zariya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine, kuma aikin da na zaɓa domin kammala karatu shi ne zana makarantar firamare ta ƙauye wadda za a gina da ƙasa, bisa hanyar da kakanninmu suka bi. Abin da ya sa mini wannan sha'awa tun farko shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, da kuma masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar, wanda Alhaji Falke Barmu ya soma a 1962, har ya kai ga samun lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sai dai da na bar takarda na shiga kasuwa neman farashin kayan aiki, na ci karo da abin da ya tsaya mini a rai. Azara ta yi wuya, ta yi tsada, daga nesa ake kawo ta, kuma wani dattijon magini da na tuntuɓa ya danna farcensa a jikin wadda aka nuna mana, ya ce mini wannan giginyar ba ta ƙosa ba aka sare ta. Tun ranar nake tambayar kaina ko abin da nake kira raya gado zai zama sanadin sare ragowar giginyar da ta rage. Ban kuma manta da ranar da wani sashe na masallacin namu na Zariya ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023 ba, aka yi asarar rayuka.

Tambayata ga masana ita ce: shin ilimin gini na gargajiya zai iya tsayuwa da ƙafarsa a yau, alhali dajin da ke ciyar da shi ya ragu, ko kuwa sai an fara da gyaran ƙasa da itatuwa kafin a yi maganar gini?

Jikan Magini, daga birnin Kano

Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin yadda ka gano da kanka abin da yawancin masu yabon ginin gargajiya ba su lura da shi ba, wato gidan ƙasa ba da ƙasa kaɗai ake yinsa ba. Kakana magini ne, mahaifina ma ya yi sana'ar kafin siminti ya rinjaye ta, kuma abin da na tashi na gani shi ne kowane ɓangare na soro yana da wata bishiya ko wata sana'a da ke tsaye a bayansa.

Tubali daga birji ake yinsa, a kwaɓa shi da ciyawa, a bar shi ya kwana yana tsimuwa, sannan a mulmula a shanya. Azara kuma daga namijin giginya ake tsaga ta, domin ita ce gara ba ta cika ci ba, kuma da yake tazarar da azara ɗaya za ta iya ɗauka ba ta da yawa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suna ɗora azara kan azara a cikin ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Makuba da ake yaɓe bango da ita daga kwasfar ɗorawa take fitowa, bayan mata sun cire kalwa sun yi daddawa. Laso kuwa, wanda shi ne ke hana ruwa ratsa rufi, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Ka ga ke nan idan marinar Ƙofar Mata ta yi rauni, rufin soro ma ya yi rauni, ko da yake ba kowa ne zai ga dangantakar ba.

Akwai kuma kududdufi, wanda a ganina shi ne abin da aka fi zalunta a cikin wannan tsari. Ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwa shi ne yake zama matattarar ruwan damina na wannan unguwa, indararo ya zubo a lungu, lungu ya kai wa kududdufi, daga nan ruwan ya riƙa nitsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin gidaje. Ban ce ba shi da illa ba, domin sauro da shara da faɗawar yara duk mun gan su. Amma da aka bi kududdufai ana cikewa ana gina shaguna a kansu ba tare da an tanadi wata hanyar ruwa ba, ruwan bai fasa sauka ba, sai ya koma kwanciya a gindin bango, kuma babu abin da ke kashe ginin ƙasa kamar ruwan da ya kwanta masa a ƙafa. Ko badalar Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fadama da duwatsun Dala da Goron Dutse, saboda waɗanda suka tsara birnin sun lissafa abinci da ruwa a cikin tsarin.

Shawarata gare ka ita ce kada ka zana aji kawai. Ka zana inda za a haƙi ƙasar, ka zana abin da ramin zai zama bayan an gama, ka kuma rubuta wanda zai yi yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko. Kuma ina roƙonka kada ka yarda a shafa siminti a kan bangon ƙasa da sunan ƙarfafa shi, domin simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, bangon ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi.

Malamin Gona, daga Maraɗi

Baba ya gama maganar gini, ni zan taɓo ɓangaren ƙasa, domin a nan na yi aikina. Ƙanena, amsar tambayarka tana da daɗi ta wani gefen, tana da ɗaci ta wani.

Bayan farin 1973, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har sai an maimaita shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwan da aka reno a leda, mafi yawansu suka mutu. A 1983 ne wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da manomi zai yi kawai shi ne ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi daga kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da gatari. Wannan shi ne muke kira sassabin zamani, kuma ƙididdigar da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ta nuna cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200: gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, har da kuka a wajajen Mirya.

Sunan ya ce zamani, amma ilimin tsoho ne. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya bar rana ta isa ga gero, sannan ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa, shi ya sa hatsin ƙarƙashin gawo yake fin na sarari kyau. Har yau a Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan dauri suka tanada ga mai sare gawo. Abin da ya raba manomi da bishiya shi ne dokar gandun daji da aka gada daga mulkin Faransa, wadda ta mai da itace mallakar hukuma, ta yadda mutum zai iya biyan tara saboda ya datse reshe a gonar ubansa. Wanda kuwa ya san bishiya za ta jawo masa tara, tun tana ƙarama zai tumɓuke ta. Da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da hukuncinsu, sai gonaki suka cika. Sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya reno, bayan manoma sun riga sun yi aikin shekara talatin da ɗoriya.

Ga ɓangaren ɗacin. Giginya ba ta toho daga kututture, in an sare ta ta mutu ke nan, saboda haka sassabin zamani ba zai dawo maka da azara ba. Dole sai an binne ƙwallonta, a kare shi daga masu haƙar muruci, waɗanda su ma abincinsu suke nema, sannan a jira shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, har wanda ya shuka ba lalle ne ya ga ranar tsaga ta ba. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, to nisan nan har da na lokaci. Inda na ga ana riƙe ta da kyau shi ne dajin giginya na Dallol Mawri a yankin Gaya, inda mutane ke noma a ƙarƙashinta, kuma tun shekarun 1990 aka soma damƙa kula da ita a hannun ƙauyukan da ke zaune a cikinta. Idan makarantarka tana da fili, ka sa layin giginya da ɗorawa a cikin zanen, ka kuma fayyace ko na wane ne, domin bishiyar da ba ta da mai ita ba ta kai wa girma.

Malamar Makaranta, daga Damagaram

Ina neman afuwar Baba da Malam, ina so in faɗi abin da mu mata muka sani game da gidan ƙasa, domin a cikinsa na girma. Sanyinsa da bazara gaskiya ne, kuma ajin kwano da nake koyarwa a ciki yanzu, da azahar yara ba sa iya sauraron komai saboda zafi. Amma na kuma tuna dare nawa mahaifiyarmu ta kwana tana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, tana janye mu daga jikin bango. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni da ke nan Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa, kuma mutanen garin nan sun yi kuka kamar an yi musu rasuwa.

Yaɓen shekara-shekara da Baba ya ambata, da gayya ake yinsa, kuma samarin da ke yin gayyar yanzu suna ci-rani a Agadas ko Kano ko Libiya a daidai lokacin da ya kamata a hau soro. Mutumin da ya sayi kwano ba raina gadonsa ya yi ba, ya duba hannayen da suka rage masa ne a gida. Duk zanen da bai lissafa wannan ba, a kan mata da tsofaffi nauyinsa zai faɗa.

Duk da haka ban ce ka fasa ba, ƙanena. Tun wajajen 1980 ake koyar da magina a Nijar gini marar itace, inda ake rufe ɗaki da tulluwa ko baka na tubalin ƙasa zalla, ba azara ko ɗaya, kuma ƙarancin itace ne ya haifar da shi. Sannan ka nemi hotunan ginin Hikma na garin Dandaji a jihar Tawa, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018. Sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, wanda ya fi tubali jure ruwa, kuma sun yi aikin tare da maginan gargajiya na yankin. Abin da ya fi burge ni shi ne maginan ba a matsayin leburori aka kira su ba, an nemi saninsu ne.

Ɗalibin Zane, daga Zariya

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam da Malama. Na koma kan zanen da daren jiya. Na cire azara daga rufin azuzuwa, zan gwada tulluwa ta bulon ƙasa a kan harsashin dutse da ya ɗaga daga ƙasa, in bar bakan gizo ɗaya a zauren shiga, inda azara kaɗan za ta isa kuma yara za su riƙa ganinsa kullum. Ramin da za a haƙa na matsar da shi can ƙarshen fili ta gangare, da shinge, domin ya karɓi ruwan indararo ya shayar da dashen giginya da ɗorawa.

Abin da ya rage mini shi ne maganar mallaka da Malam ya tayar, domin filin makaranta na hukuma ne, kuma malamai ana yi musu canjin wurin aiki. Mako mai zuwa zan je ƙauyen in zauna da mai gari da iyayen yara a kan wanda zai riƙe itatuwan da wanda zai ci amfaninsu. Baba, idan akwai wani magini da ka sani wanda har yanzu yake haɗa laso da hannunsa, ina roƙon ka haɗa ni da shi kafin damina ta faɗi, ina so in ga yadda ake kwaɓa shi da idona.