Kabayid na Ƙarfe da Lignin: Shawarwarin da Aka Fi Nanatawa

Waɗannan shawarwari sun fito ne daga wata tattaunawa kan amfani da kabayid na ƙarfe (haɗin ƙarfe da kabon) wajen sarrafa lignin, wato sinadarin da ke ƙarfafa itace. Tun a 1973 masana biyu, Levy da Boudart, suka nuna cewa kabayid na tangstin yana aiki kamar filatinom wajen hanzarta sauyin sinadarai, ga shi da araha. Amma a tattaunawar, yawanci sun fi karkata ga kabayid na molibdenom, Mo₂C, don yana yanke haɗin kabon da oksijin ba tare da ya lalata zoben benzin (ƙwayoyin kabon shida da suka haɗu kamar zobe) ba. Wannan zoben kuwa shi ne dukiyar da ake nema a cikin lignin.

Inda aka fi daɗewa a tattaunawar shi ne shirya kabayid ɗin. Ana ɗumama oksayid na ƙarfen a hankali cikin iskar metan da haidirojin har kusan digiri 700 na ma'aunin Celsius. In aka yi garaje, ko metan ya yi yawa, kabon ya lulluɓe fuskar ƙarfen, aiki ya tsaya. Kuma kada a kuskura a fito da shi iska kai tsaye: garin kabayid ɗin kan yi ja, har ya kama wuta. Sai an fara ratsa shi da oksijin kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100, sannan a sake farfaɗo da shi da haidirojin kafin gwaji.

Wasu sun ce a fara gwaji da anisol ko gwayakol, ƙananan sinadarai masu kama da sassan lignin. Gaskiya ne, sai dai sakamakonsu kan ruɗi mutum. Lignin na masana'antar takarda yana zuwa da salfa da toka, ga ruwan da sauyin kansa ke haifarwa yana dusashe kabayid ɗin sannu a hankali, don haka a auna aikin kabayid ɗin bayan awanni masu yawa, ba a farkon gwaji kaɗai ba.