Me ya sa sinadarin TiO2 (titanium dioxide) ba ya ba da haidurojin sosai a rana?

Tambaya: Jama'a, farantin TiO2 yana raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin a ƙarƙashin fitilar UV (hasken ultraviolet da ido ba ya gani), amma a rana sai 'yan kumfa. Ina matsalar?

Amsa: Malam, giɓin makamashinsa, wato mafi ƙarancin makamashin da haske zai zo da shi kafin TiO2 ya iya shan sa, shi ne ya yi faɗi, 3.2 eV (eV ma'aunin makamashi ne). UV kaɗai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Tun gwajin raba ruwa da TiO2 da masanan Japan Fujishima da Honda suka wallafa a 1972 ake fama da wannan.

Amsa: Gwada sinadarin BiVO4 (bismuth vanadate), nasa giɓin 2.4 eV ne, don haka yana shan wani ɓangare na hasken da ido ke gani. Sai dai shi kaɗai ba ya fitar da haidurojin. Haɗa shi da wayar filatinom, ka ƙara ɗan lantarki daga waje.

Amsa: Cu2O (cuprous oxide, wani sinadarin jan ƙarfe) kuwa haske kan lalata shi cikin ruwa nan da nan, sai an lulluɓe shi da siririn TiO2.