Taron yanki kan sassaben zamani: yaushe za a sa shi, su wa za a gayyato?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙungiyoyin manoma na wasu garuruwa tsakanin Mirya, Matamai da Magarya suna son haɗa taro guda a kan sassaben zamani, wato raya itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, da kare burtali. Kuɗin da ke hannu bai wuce na kwana biyu ba. Wane wata ya fi dacewa? Su wa ya zama dole a gayyato? Me za a tattauna har a tashi da abin da zai yi aiki a gona? Kuma akwai masu cewa a yi shi nan cikin Damagaram a babban zaure, a haɗa da rabon dashe. Masana a taimaka.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ku sa shi a Fabrairu ko farkon Maris. A Afirilu da Mayu ake sassabe, kuma a lokacin ne gatari da wuta ke cinye tohon da ya fito daga kututture. Taron da aka yi bayan an share gonaki ya makara da shekara guda cur. Sannan a Fabrairu an riga an saki gonaki, makiyayan da suka gangaro daga wajen Tanut suna kusa, ana iya samunsu a ruga. Ku kauce wa ranakun kasuwa, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Mirya, in ba haka ba rabin mutanenku su watse kafin azahar. Ku duba kuma kada ya faɗa cikin azumi.

Maganar zaure a birni, ban goyi bayanta ba. Kuɗin mota da masauki za su cinye abin da kuka tara, kuma wanda zai zo shi ne mai baki a gari, mai riƙe da gatari yana can gida. Ku zaɓi ƙauye mai gonakin gawo, ku zauna a inuwa. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 a waɗannan gundumomi uku ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 1 da manoma suka raya da hannunsu, galibi gawo. Malaman aikin suna cikin garuruwanku ke nan, su za a ba magana.

Ranar farko a yi ta a gona. A raba mutane goma-goma, kowane rukuni da adda mai kaifi da tsumma ja. A samu kututturen sabara ko kalgo mai toho da yawa, a zaɓi miƙaƙƙu uku zuwa biyar, a cire sauran. Waɗanda aka bari a sassabe musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce. In aka aske su har kai, iskar farkon damina ta karya su, ko akuya ta tanƙwaro kan ta cinye. Saran kuma daga ƙasa zuwa sama ake yi. In an sara daga sama, ɓawon ya ɗaye ya bi jikin itacen, gara da ruɓa su samu ƙofa. A ɗaura tsumman don mai noma da yaro mai kiwo su san an bar shi da niyya. Kowa ya yi da hannunsa, har da masu gari.

Mai Gandun Daji ya amsa:

Malamin Gona ya gama da lokaci. Ni a kan doka zan tsaya, don ita ce ke hana mutane barin itace. Manomi da yawa har yanzu yana ganin duk gawon da ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, in ya taɓa reshe a ci shi tara, shi ya sa yake kashe shi tun yana ƙarami. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, gawo yana cikin itatuwan da aka kare, ba a kayar da shi sai da izini. Amma dokar da gwamnati ta fitar ranar 30 ga Yuli 2020 a kan sassaben zamani ta amince wanda ya raya itace a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Ku gayyato ma'aikacin gandun daji na kowace ƙaramar hukuma, ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da Hausa abin da manomi zai iya yi ba tare da takarda ba da wanda sai ya nemi izini. A ɗauki muryarsa a waya, a kai gidan rediyon gari, a tura a WhatsApp. Wannan kaɗai ya biya kuɗin taron.

Rana ta biyu ta rubuta yarjejeniya ce. Kada a tashi da “an yi kira ga jama'a”. A rubuta a fili: wa ke sintiri, sau nawa a mako, wa ake kai wa ƙara, nawa ne tarar sare toho, nawa ne ta kayar da babban itace, kuma ina kuɗin ke shiga. Wannan na ƙarshe shi ke rusa kwamiti. In ba littafi, ba ma'aji, wata uku ya isa a fara zargin juna. Tarar kuma kada ta saɓa wa doka, shi ya sa sai shugaban ƙaramar hukuma da hukumar filaye sun sa hannu. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye, akwai Kofob a ƙauye, Kofokom a ƙaramar hukuma. Takardar da ba ta bi ta hannunsu ba, ranar da rigima ta kai gaban alƙali ba ta da nauyi.

Sarakuna ma ku je musu da wuri, da ƙafa. Tarihin Damagaram ya riƙe cewa tun zamanin Sarki Tanimun sare gawo babban laifi ne mai tsananin hukunci. Dattawa sun san wannan, in mai gari ya tuna musu, ya fi jawabin baƙo shiga kunne.

Ɗiyar Matamai ta amsa:

Malamai, kun lissafa kowa kun bar masu itacen girki. Mace ce ke fita da gatari da asuba, kuma sabara da kalgon da kuka ɗaura wa tsumma su ne mafi sauƙin sara. In ba a ba ta madadi ba, za ta sare, tara ko ba tara. A rubuta cikin yarjejeniyar cewa rassan da aka cire wajen sassabe na matan gidan ne, kuma daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya cire toho ɗaya daga kowane kututture a bar sabo ya maye gurbinsa. A sa koyar da murhun laka mai rage cin itace a yammacin ranar farko, yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi ne kayan aikin, a gina shi daidai da tukunyar gidan, in ya yi faɗi wuta ta zurare ta gefe.

Kuma a ware musu zama nasu na awa ɗaya kafin babban zama, su zaɓi biyu su faɗi matsayarsu. A gaban surukai da masu gari, yawancinsu ba za su buɗe baki ba. A kwamitin sintiri ma a sa su. Garin Ɗan Saga na wajen Agye ya yi suna a wannan aiki ne saboda kwamitinsa ya haɗa maza da mata da makiyaya.

Ɗan Tanut ya amsa:

Hajiya ta yi gaskiya, haka zancen yake ga makiyayi. A Afirilu da Mayu ciyawa ta ƙare, ganye da ƴaƴan gawo ne ke riƙe dabba. Doka mai cewa “an hana sassaka” ba za ta yi aiki ba. A ce dai ba a taɓa kan itace, ba a datse babban reshe daga gindinsa, ba a taɓa mai tsumma, a bar wa itacen akasarin rassansa. Kada a manta dabbar ce ke shuka gawo: ƙwayarsa mai tauri ce, in ta bi ta cikin akuya ko saniya ta faɗi cikin taki tana saurin tsira. Ku je ruga ku gayyato arɗo da baki, ku sa wanda zai yi tafinta da Fulatanci. Dokar makiyaya ta 2010 ta kare burtali da mashaya, to a zaga burtalin tare a ga inda gona ta ci shi, tun kafin a yi maganar tara.

Rabon dashe kuwa, ku bar shi. Dashen da aka sa a ƙasa a Maris ba ruwa, ba shinge, ba ya kai damina. Mai son dashe ya jira ruwa ya zauna, ga ranar itace 3 ga Agusta nan. Maganar tsayar da tudun rairayi irin na Gure ita ma aiki ne daban, kada ku cusa ta cikin kwana biyun nan.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: ta yaya za mu san taron ya yi amfani?

Malamin Gona ya amsa:

Da ƙidaya, Malam. Kafin a watse, kowane gari ya ba da gonaki biyar. A kowace gona a auna mita 50 tsawo, 50 faɗi, kwata ɗin hekta ke nan, a kafa duwatsu a kusurwa huɗu. A ƙirga manyan itatuwa daban, masu tsumma daban, a rubuta irin kowanne, a ninka sau huɗu. In akwai itace a kowace mita 15, kusan 44 ke nan a hekta, a kowace mita 10 kuwa 100. A sake ƙirgawa a wurin nan dai bayan girbi, sannan a Mayu mai zuwa, don a bazara ake asarar toho. Mutanen wani gari su ƙirga na wani, kada kowa ya ƙirga nasa. Ku sa ranar ƙidayar farko da sunan mai riƙe littafin a cikin yarjejeniyar kafin a sa hannu.