Neman shawara: mai sai da robot na fores, in yarda da shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nika nema. Akwai wani yaro da nika bi a Telegram kusan wata ukku, kullum sai ya sa hoton riba, yau dala 400 gobe 700, ga mota ga otal. Yanzu yana sai da robot ɗinshi na fores, wato cinikin kuɗɗin ƙasashe ta intanet, wai shi ka shiga kasuwa da kanshi a manhajar cinikin, MT5, kai kana kwance, naira dubu 150, kuma sai ta link ɗinshi za ka buɗe akawun wurin broka, wato kamfanin dillancin cinikin. Ni tela ne nan Mabera, kuɗɗin na sabon keken ɗinki ne da ni daɗe ina tarawa. Na tambaye shi ko ya taɓa hwaɗuwa, yac ce robot ɗinshi bai san asara ba. Mi kunka gani?

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Malam wannan "bai san asara ba" ita kaɗai ta ishe ka. Hoton riba kuma ba hujja ba ne, akawun na demo kuɗɗin wasa ne kowa na iya buɗewa, mutum sai ya buɗe biyu, guda ya saya guda ya sayar, wanda yac ci shi za ya ɗauka hoto ya watso muku, ɗayan ba ku ganinshi har abada. Ce mishi ya ba ka investor password, ta kallo ce kawai, za ka ga duk cinikin da anka yi amma ba ka iya taɓa ko kwabo, don haka bai da hujjar hanawa. Ko ya nuna Myfxbook (shafin da ka nuna tarihin cinikin akawun) wanda anka tantance, na kuɗɗin gaske, na shekara guda aƙalla, ka duba iyakar ramin da akawun ɗin ya taɓa hwaɗawa. In ya koma "haba ba ka yarda da ni ba" ka samu amsarka.

Wani memba: Batun link ɗin nan hwa ka lura, kwamisho yaka ci wurin broka kan kowane ciniki, ko ka ci ko ka hwaɗi shi nashi ya shiga. Ni an yi min. Robot ɗin da ni saya in ya yi asara sai ya ninka kuɗɗin da yaka zubawa, ya sake ninkawa, wata biyu lahiya lau har na fara yi ma abokai talla (Allah ya yafe min), ranar Juma'ar da Amurka tah hito da rahoton ayyukan yi farashin gwal ya yi tsalle, kahin isha'i akawun ya koma sifiri. Da ni yi magana a guruf sai anka cire ni.

Ɗan jami'a: Gaskiya ba dukkansu ne macuta ba, akwai masu sa ranar asararsu kowa ya gani. Amma ko a Turai hukumarsu mai lura da kasuwar kuɗɗi a 2018 ta gano kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin cinikin ga asara suka yi. In dole ne, ka ce a bari ka gwada a demo wata ukku tukuna.

Hajiya daga Gawon Nama: Ɗana sayi kekenka. MMM a 2016, CBEX a 2025, tsare-tsaren zuba kuɗɗi da sunka rushe da kuɗɗin jama'a, duk da hoton alat sunka ja mutane. Kuma ka tambayi malamai kan kuɗɗin ruwan da aka cirewa in ciniki ya kwana.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, na gode kowa. Na tura mishi batun investor password tun azahar, ya karanta bai ce komai ba, sai yanzu ga saƙo wai ya rage min zuwa dubu 80 amma yau kawai. Wa yas san mai keke mai kyau a babbar kasuwa? Gobe nika son in leƙa.